Ƙanzon Sale

Duk wanda ya ci abinci da ƙanena Sale, Allah ya ji ƙansa, ya san ba ya tashi sai ya leƙa tukunya. Ko a gidan suna ne. Ya ɗaga murfi ya ce, "An sauke tukunya, ƙanzon fa?" A Ringim ya yi mana haka gaban surukai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni na goye shi, ban kuma taɓa zama a aji ba, amma ba a yi mini rufa-rufa. Ran nan na tsare shi: "Kai, wane aiki kake yi a Dutsen nan?"

Ya ce, "Yaya, kankarar ƙanzo." Wai kwamfutocin ofishinsu ba a ofis suke ba, hayarsu ake yi a wata ƙasa, ana ce wa wurin girgije. In an gama da inji sai a goge shi, amma faifan da yake ajiya a ciki yana nan, ba mai shi, hayarsa na tafiya. Shi ke bi yana sharewa.

Na ce, "In an yi ruwa fa, ba ya jiƙewa?"

Ya ce, "Da yana jiƙewa ai da na huta."

Sai dai fa ba ya goge faifai sai ya yi cigiya sau uku, kamar wanda ya tsinci akuya. Akwai wani Malam Idi da ya bar aiki ya koma noma. Sale ya hau mota har Taura, ya same shi tsakiyar gona.

"Malam, akwai faifai da sunanka."

"Haba Sale! Ni da na yi ritaya tuntuni?"

"Kai ka yi. Faifan bai yi ba."

Bayan sadakar arba'in sai ga Malama Rabi, abokiyar aikinsa, da kwamfuta a jaka. Ta ce ran Juma'a za a rufe ajiyarsa ta kansa a girgijen, ko'ina fes, sai faifai guda. Ya rubuta a kai: kada a taɓa sai an tambayi Yaya Hansai.

Ikon Allah! Sarkin shara ya bar ƙanzo? Na ce, "Buɗe mu gani."

Sai na ji muryata. Ni ce, ina faɗa! "Sale, ka aske gemun nan." "Sale, wannan hular ta gado ce?" Ashe shekara da shekaru in na fara faɗa sai ya danna waya a aljihu yana naɗar muryata. Kowane faɗa da sunansa: na hula, na aure, na tukunyar Ringim. A ƙarshen wani na ji shi ƙasa-ƙasa yana dariya, yana cewa, "Allah ya bar mana ke, Yaya."

Malama Rabi ta ce, "Hajiya, a bar shi?"

Na ce, "Juye mini a wayata. Amma kafin ki goge shi, ki tambaye ni sau uku tukuna."

Ta tambaya sau uku. Na ce goge.

Allah ya kankare maka zunubanka, Sale, yadda ka kankare tukwanena, kada ya bar ko ƙanzo. Amin.