Moskowa Ba Ƙauye Ba Ce

Mun tashi daga Madawa ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina, cikin wata tsohuwar mota da aka danƙare da albasa har ba wurin aje ƙafa. Gwaggonsa ce ta aiko daga Tabotaki a kawo mata mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya karanta mata wani rubutu. To ni ne mushen, ko da yake na daɗe da aje alli.

Hanya kam sai haƙuri. Ramukanta sun amayar min da kunun da na sha. A tashar Buza muka ci kwaɗon zogale da ƙuli, mai sayarwa na rantsuwa tsada ba laifinta ba ne. Daga nan sai duwatsu da gonakin hatsi, har muka isa da azahar.

Tsohuwa ta tarbe mu da fura, sannan ta sa aka sauko da wani hoto daga bango, hayaƙi ya dafe shi. Tana goye Faransawa suka ɗebi ubanta soja, bai dawo ba. Wani da suka tafi tare ne ya kawo hoton, ya ce haka yaƙi yake. An taɓa karanto musu sunan da ke ƙasa, Moskowa, sai gidan duk suka ɗauka ƙauye ne irin su Madawa, can aka binne shi. Ta nuna min wani da ya faɗi rubda ciki gefen doki, ta ce shi ne. So take ta san ta ina ake bi, jikanta ya kai ziyara kafin ta mutu.

Na goge gilashin hoton na karanta. Innalillahi! Ga shekarar da aka rubuta: 1812. Zanen yaƙin da Faransawa suka kutsa ƙasar Rasha ne, Rashawa suka tare su bakin kogin Moskowa kusa da Mosko, aka kashe dubban mutane wuni guda. Ko kakan ubanta ba a haifa ba. Ni da na koyar da wannan yaƙi a aji, ban taɓa jin tsoronsa ba sai ran nan, da na ga yatsanta a kan gawa. Abokina na ta ƙifta min ido in yi shiru. Na kasa, na faɗa mata.

Ta daɗe tana kallon hoton.

"Wanga ɗan wa ne ke nan, mushe?"

Na ce ban sani ba.

"Tun ina ɗiya nike mai addu'a. Ku maishe shi bango. In na bari, wa shi ke da?"

Mun iso Madawa cikin dare. Na karɓi hoton da niyyar nuna wa tsohuwa kabarin ubanta, na dawo na raba ta da shi. Da na yi sallar isha'i, sai na tsinci kaina ina yi wa mutum biyu addu'a, ban san sunan ɗayan ba.