Ayarin da Ban Bi Ba

Shekarar da kasuwar yuraniyom ta faɗi aka sallame mu daga ramin haƙar ma'adinai na Akokan. Wasu suka tattara komatsansu suka yi kudu. Ni kuwa, mai taurin kan tsiya, kullum da sassafe sai in sa kayan aiki da hular kwano, in je in tsaya bakin ƙofar kamfani. An ce ranar da za a sake ɗauka, wanda aka gani a wurin shi za a rubuta. Ban san wa ya faɗa ba, amma na riƙe maganar gam.

Lokacin tawaye ne, mota ba ta bin hanyar Tahoua sai cikin ayari da rakiyar soja, shi ma sai an kwana biyu. Duk ayarin da ya iso, wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ɗan garinmu zai nemo ni. "Innarka ba lahiya, ta ce ka taho ta gan ka." In ce masa sai na gaba. Fari ya cinye gonarta, da wane ido zan dube ta hannu rabbana?

Maƙwabcina Kirista ne, mai gyaran lantarki. Wata safiya ya tarar da ni ina ɗaure takalmi. Ya ce a Girkanci, tsohon harshen littafinsu, akwai kalma guda da ake faɗa wa mashayin da giya ta sake shi, ya buɗe ido ya ga inda yake kwance. "Maƙwabci, irin wannan farkawar nake roƙa maka." Raina ya ɓaci. Ni da ban taɓa ɗanɗana giya ba, ban taɓa sakin salla ba? Na daina gaishe shi.

Ayari huɗu suka wuce. A na biyar direban ya same ni a bakin ƙofar, ya miƙo mini ƙunshi. Zanen sallarta ne da carbinta. "Kwana tara ke nan da rasuwarta," in ji shi. "Duk ƙarar motar da ta ji, sai ta ce a tada ta zaune."

Nan giyar ta sake ni. Na dubi kaina, ƙato da hular kwano a rana, yana gadin ƙofar da ba wanda ya yi alkawarin buɗe masa. Kunyar ranar har yau ba ta bar ni ba. Na cire hular, na tambaye shi yaushe ayari zai koma.

"Jibi," ya ce. "Amma yanzu saurin mi kake?"