Zoben da Wahabu Ya Bi

Ƙanena Wahabu bai iya zama wuri ɗaya ba. Tun yana yaro ko tuwo a tsaye yake ci. Gyaran waya yake yi a kasuwar Yendi, amma rabin mako shagon a rufe, shi yana kan babur da kyamara da wani madubin hangen nesa da ya saya na hannu.

Laifin Baba ne. Ya yi shekaru yana koro shanu a ƙasa daga Bawku zuwa Salaga, shi ya koya masa sunayen taurari. Yanzu idon Baba na rufewa, hasken waya ma hawaye yake sa shi. Wahabu ya rantse kafin idon ya tafi sai ya nuna masa abin da bai taɓa gani ba: hayaƙin wani tauraro da ya mutu, ɗan zobe kore-kore da ido ba ya kamawa. Sai an ɗauki ɗaruruwan hotuna an haɗa sannan yake fitowa.

Fitilun Yendi suka hana shi. Ya koma gonar doyar mijina a bayan Salaga, masu ƙona daji suka turnuƙe sama. Ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya. Wata biyu ina zuba masa abinci yana hucewa, ina faɗa har na gaji da bakina.

Ran da zoben ya fito, ko wanka bai yi ba ya ja ni muka shiga motar Bawku, inda Baba yake. Ya kai wa Kassim mai hoto ya buga masa babba a takarda. Shi Kassim hotunan biki ya saba, duk tabon da ya gani a fuskar amarya gogewa yake, ba ya tambaya. Wahabu, da gaggawar nan tasa, ya fizgi ambulan, bai buɗe ba sai a gaban Baba.

Taurari na nan reras. Zoben kuwa Kassim ya goge shi tas.

Kafin mu yi magana Baba ya karɓi takardar, ya kai ta dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Na gan shi, Wahabu," ya ce. "Koren nan yana da kyau."

A nan na gane mun makara. Wahabu ya zauna a kan tabarma kusa da Baba, ya riƙe masa gefen takardar. Har aka kira la'asar bai tashi ba.