Baba Nagona da Kwarkwatar Karensa

Duk wanda ya san marigayi Baba Nagona na unguwarmu a Faskari ya san ba ya amsa sallama sai ya gama duban bakin rigarka. A ganinsa kowane baƙo kwarkwata ya kawo wa karensa, Duna.

Kullum da hantsi yana gindin dalbejiya da tsohon matsefi yana taje karen. Abin da ya faɗo sai ya raba shi gida biyu a kan faifai, masu faɗin kai da ke gaigayar fata, da masu tsinin baki da ke shan jini. Har garinsu yake faɗi. Ya taɓa ɗaga wata ya ce 'yar Sheme ce, don ta fi ƙiba. Wani mahauci daga Yargoje ya shafa kan Duna sau ɗaya, Baba ya shekara bai ci tsirensa ba.

Mu kuwa dariya muke, har ranar da kwarkwata ta cika kawunan 'ya'yana. Ban yi wani bincike ba, na kai ƙara wurin mai unguwa na ce karen ne. Aka ce a fitar da Duna daga gari. Baba ya naɗe tabarmarsa ya bi shi bukkar gona, da tsufansa, ana tsakiyar damina.

Bayan wata biyu malamin dabbobi ya zo yi wa shanu allura. Na tambaye shi a gefe, ya ce kwarkwatar kare ba ta zama a kan mutum. Nan na tuna hulunan gwanjo da na sayo wa yara, har ni ma na sa ɗaya. Na ja bakina na yi shiru. Duna ya mutu a gona, Baba ya dawo gari da tari.

Sai da ya kwanta ciwon ajali na je na durƙusa na faɗa masa komai.

"Malam Iro, ai na sani," in ji shi. "A bayanka nake a sahun salla, na ga kana susa ƙarƙashin hula."

Na ce to mi ya hana shi faɗi gaban mai unguwa?

"Ni da nake zargin kowa, wa zai yarda da ni? Tashi, na yafe."

Allah Ya jiƙan Baba Nagona, Ya sanyaya makwancinsa. Ni kuma Ya yafe mini wannan daminar da na sa shi ya yi a bukka.