Mai Kamun Shanu Daga Hayin Gulbi

Aikina na farko a duniya allurar shanu ne, a Jibiya, zamanin Turawa, shekarun alif ɗari tara da hamsin ba su yi nisa ba. Duk garken da ya gangaro daga ƙasar Faransa, wadda yanzu ake kira Nijar, sai ya tsaya a shingenmu an duba shi, an yi masa allurar cutar bushiya mai kashe shanu, an tsaga kunne, kafin a kora shi kudu. Mu malamai mu ne masu allura da farar riga. Sai masu kamu, waɗanda ke jefa wa sa igiya, su murɗe ƙaho, su kai shi ƙasa. Mu mu tsira allura mu ja da baya, su kuwa su ke shan harbi da tunkuyi.

Shugaban da na tarar ba ya magana sai da tsawa. Malamai na cin abinci a zaure, masu kamu a gindin wata aduwa da inuwarta ba ta ishi akuya ba. Randar ruwa ta malamai ce. Mai kamu in ya ji ƙishi sai ya gangara rijiyar shanu. Kuma ba a kiran kowa da suna, "kai" ne kawai, ko da mutum ya haifi mai kiran. Ba wanda ya taɓa cewa uffan, don kowa na ganin haka aikin gwamnati yake.

Babban masu kamu wani gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, igiya ta cinye masa kan yatsa ɗaya tun yana saurayi. Yana da barkwanci. Lokacin ina sabon aure, in na zo tsira allura, sai ya danne sa da gwiwa ya ce, "Yi a hankali, ango, san ga ba surukinka ba na, ba ya hana ka mata." Ƙauyensu yana hayin gulbi, cikin ƙasar Faransa. Kullum da sassafe yake tahowa a ƙasa, ya koma da yamma, saboda mahaifiyarsa ta tsufa, ta makance, kuma shi kaɗai ya rage mata. A can yake biyan haraji, wanda su ke ce wa lanho. Kowa ya san haka, ba kuma wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Iyakar kanta wani ƙarfe ne da aka kafa a tsakiyar gonar gero, mai gonar yakan ɗaure jakinsa a jiki. Kasuwarmu ɗaya da su, muna auratayya, in an yi rasuwa can mu je, in an yi nan su zo.

Da aka ɗauke mai tsawa, sai aka kawo mana wani shugaba, siriri, mai sanyin murya, wanda ya yi kwas ya dawo da sababbin dabaru. Satinsa na farko ya sa aka shimfiɗa tabarmi ranar Alhamis bayan la'asar, ya ce kowa ya zauna, malami da mai kamu, a tabarma guda. Ya ce yana so kowa ya faɗi abin da ke damunsa a aikin nan, da abin da ya ga ya kamata a gyara, har da halinsa shi shugaban. Ya ce wurin aiki ba ya gyaruwa sai an ji ta bakin masu yinsa.

Muka dubi juna. Wani ya ce, "Lahiya lau, ranka shi daɗe." Na kusa da shi ya ce, "Sai godiya." Haka aka zagayo har kaina, ni ma na ce sai alheri, alhali takalmina ya huje kuma raina a ɓace yake da abubuwa da yawa. Shi bawan Allah bai gane ba, ko ya gane ya ƙi karaya. A wurinmu ba a duban babba a ido a karanta masa laifin gidansa. In kana da kuka sai ka kai wa amininsa, shi ya san ranar da zai saka masa a kunne. Kuma mun ɗauka tarko ne, ana so a gane masu dogon baki. Ya gwada kiranmu ɗai-ɗai, ya gwada raba goro kafin a fara, duk lahiya lau yake samu. Sai ya yi murmushi ya ce Allah ya kai mu wata Alhamis.

Damina ce ta buɗe bakinmu. Wata Alhamis aka kwana ana ruwa, gulbi ya kawo, babban mai kamu bai iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi, wandonsa sharkaf, laka har gwiwa. Muka yi tsuru muna jiran tsawa. Shugaba ya dube shi, ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohuwar rigarsa ya miƙa masa. Da la'asar aka zauna, aka fara lahiya lau kamar kullum, har aka zo kan babban mai kamu. Ya gyara zama ya ce, "Malam, tunda ka nace, ni zan hwaɗi, in kora ta a kore ni ni ɗaya."

Ya fara da na jama'a. Ya ce igiyoyi sun ruɓe, ran nan saura kaɗan sa ya ɓalle ya tsokale wa wani ido. Ya ce su ma mutane ne, suna jin ƙishirwa. Ya ce, "Kuma yaran ga masu hwarar riga, Allah shi yi masu albarka, amma muna da suna, iyayenmu sun yanka muna rago." Kunya ta rufe mu malamai, kowa ya sunkuyar da kai. Shugaba ya ce, "Na ji na jama'a, Baba. Kai hwa? Mi ad damuwarka kai kanka?" Ya ce ba shi da damuwa sai gulbi. In ya cika yakan ɗora tufafi a ka ya ratsa, amma ƙarfi ya fara ja baya. Da za a samu ɗan ɗaki a bakin shinge, ranar da ruwa ya fi ƙarfinsa ya kwana, matarsa ta kula da tsohuwa, da ya gode.

Daga nan kowa ya samu baki. Wanda ya ce lahiya lau ɗazu ya ce a dawo kansa, ya manta wani abu. Har aka gaya wa shugaba cewa shi ma yana da laifi, yana tsawaita aiki har lokacin azahar ya kusa fita. Ya yi dariya ya ce ya karɓa.

Ban taɓa ganin wuri ya sake kamar yadda shingen nan ya sake ba. Aka kafa rumfa babba, aka ajiye randa ta kowa da kowa, aka sayo sababbin igiyoyi, aka tsara hutu bi da bi. Muka koma cin tuwo a akushi ɗaya, muka koyi cewa Baba da Yaya. Makiyaya da kansu suka lura, suna cewa yanzu ba a daka wa shanunsu tsawa, ba a daka musu su ma. Maganar ɗaki kuwa ta fi ƙarfin shugaba, don gini sai da izinin babban ofis a birni. Ya kai maganar can da zuciya ɗaya, har yana yabon mutumin da ya fara buɗe baki.

Wajen kaka aka aiko mai duba aiki. Dattijo ne mai fara'a, ba mugu ba. Ya zagaya, ya yaba rumfa, ya zauna zaman Alhamis tare da mu, ya ce zai so a yi irin wannan a sauran wurare. Sai ya nemi ganin mai neman ɗaki. Suka gaisa, ya tambaye shi sunan ƙauyensu, ya faɗa. Ya ce, "Can hayi? To ina kake biyan haraji?" Ya ce, "Can nika biyan lanho, ranka shi daɗe, tun uwayena." Na ga fuskar dattijon ta canza, kamar wanda ya taka ƙaya. Ashe akwai doka, tsohuwa, wadda ba a taɓa waiwaya ba: ba a ɗaukar mutum wannan aiki sai mai biyan haraji a wannan ɓangare. Tunda maganar ta riga ta shiga ofis, ba shi da ikon yin kamar bai ji ba.

Shugaba ya yi ta zarya birni yana roƙo. Amsar da ya samo ita ce, mutumin ya zaɓa: ko ya taso da iyalinsa ya dawo wannan ɓangare, ko ya ajiye aiki in an gama girbi. Muka taru a kansa. Mai unguwa ya ce zai ba shi fili da gona. Muka ce tafiyar ba ta kai ta zuwa Daddara da ke nan kusa da mu ba, mu za mu ɗauko masa kaya. Ya je ya gaya wa tsohuwa. Washegari ya dawo ya ce mana ta ce ita da ƙahwa ta san gidan nan, ta san inda randa take, ta san inda bayan gida yake, in an kai ta wani wuri an makantar da ita sau biyu. Ta ce su tafi su bar ta, ba ta riƙe kowa ba. Ya ce, "To ku hwaɗa mani, wa ka barin ta?" 

Ranar da ya tafi ya naɗe igiyarsa ya rataye, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara. Abin takaici, izinin ginin ɗaki ya iso bayan tafiyarsa, don ta wata hanya dabam ya bi. Aka gina shi, muka riƙa zuba igiyoyi a ciki.

Daminar da ta biyo ba ta yi kyau ba, hayi ma ta fi lalacewa. Da bazara shugaba ya ce in raka shi, muka hau kekuna muka je ƙauyen. Tsohuwa na zaune a ƙofar ɗakinta. Da aka ce mata ga babban malamin Jibiya, sai ta lalubo hannunsa ta riƙe. Ta ce, "Kai na ka maido mani ɗana gida? Allah shi yi maka albarka, ɗana. Da sai in wuni ban ji muryatai ba." Ɗan nata yana tsaye bayanta yana yi mana alama da ido kada mu ce komai. Shugaba ya ce amin. Ni kuwa rumbu nake kallo, an ɗage murfinsa an jingine, babu abin da za a rufe.

Da ya rako mu ya gaya mana ya samu aikin kore. Zai bi wani garke a ƙasa har kurmi, can kudu, tafiyar watanni, don ba yadda za a yi a kai ga sabon gero. Ya ce ya gaya wa tsohuwa Jibiya zai koma aiki, kuma yanzu an ba shi ɗaki. Ya roƙe mu in wani ya tambaya mu ce haka ne. Ba da jimawa ba garken ya biyo ta shingenmu, yana bayansa da sanda da gora. Ya tsaya wajen shinge tare da sauran 'yan kore har muka gama, ya ɗaga mana hannu, suka yi kudu. Mutumin da ya bar aiki don kada ya yi nisa da uwarsa, ga shi ya yi nisan da bai taɓa yi ba. Ranar ban iya cin abinci ba.

Tsohuwa ta rasu yana can. Wurinmu aka aiko, don ta yi ta cewa a je Jibiya a kira shi, ai kusa ne. Shugaba ya rufe aiki, muka je aka yi jana'iza da mu.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifin abin nan, ban samu ba. Shugaba alheri ya nufa, kuma alherin ya tabbata, mun ci moriyarsa shekaru. Mai duba aiki gaskiya ya faɗa. Shi kuma mai kamu an tambaye shi ne ya amsa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi ƙunci, don duk abin da muka samu a shingen nan da bakinsa muka same shi, kuma shi kaɗai ya biya.

Ya dawo wata ranar kasuwa da hantsi, a bayan motar kaya, ya rame, ƙafafunsa duk faso. Ya sauka ya biyo ta shinge don mu gaisa, da sabon bargo a kafaɗa, ya ce tsohuwa ya sayo wa. Yana ta yi mini ba'a, wai ango ya yi tumbi.  Shugaba ya kama hannunsa ya ja shi gefe, ya gaya masa.  Baba ya yi salati a hankali, sa'an nan ya tambaya ko ta neme shi. Shugaba bai yi masa ƙarya ba, ya ce ta neme shi. Ya tambayi wa ya yi mata salla, aka gaya masa, ya ce Allah shi saka. Muka ce ya zauna ya huta, ya ce a'a, ana jiransa a gida. Ya gyara bargon a kafaɗarsa ya nufi hayi.