Wadda ta fi ɗaukar murya

Jiya a wani shago a Kankia aka ajiye mini ƙananan laftof biyu. Ɗaya ta fi sauri, ɗaya ta fi riƙe caji.

Na ce, "Wacce ta fi ɗaukar murya?"

Mai shagon ya yi dariya. "Hajiya, waƙa za a fara?"

Na ce masa tun rasuwar maigidana Malam babu mai sauraron haddata. Ƙanwata da ke Kano ce za ta riƙa bi na ta bidiyo.

Ya nutsu. "To karanta, mu gwada su."

Na karanta aya uku, ya gyara mini wasali ɗaya. Rabon da a gyara mini karatu, shekara biyu ke nan.

Mai riƙe cajin ta fi ji, ita na kawo gida Kusada.

Ku wa ke sauraron naku karatun?