Dogon Sukurun Oga Chukwuma

Uchechi haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa ta fi zama a bakinta fiye da yaren iyayenta. Mahaifinta makaniki ne a tashar jirgin ƙasa, kuma a wurinsa ta gaji wata ɗabi'a: in za ta kwance abu, sai ta zana siffarsa a farar takarda, duk sukurun da ta cire ta ajiye shi a gurbinsa a kan zanen. Tana shekara goma sha tara aka kai ta koyon gyaran kwamfuta a shagon Oga Chukwuma, a layin masu gyara.

Shi Oga gwangwanin madara gare shi. Duk sukurun da ya kwance nan yake jefawa, in ya tashi ɗaurewa ya lalubo wanda hannunsa ya kama. Yakan yi wa takardarta dariya, ya ce ɗinki ya kamata a kai ta.

A shekararta ta uku wani mai hoto, Malam Waliu, ya kawo laftof a share mata ƙura. Uchechi ta kwance ta share, Oga ya aike ta sayen abinci, shi ya ɗaure. Bayan kwana biyu faifan da ke ajiye komai ya mutu, da hotunan biki huɗu a cikinsa. Da Malam Waliu ya zo yana kumfar baki, Oga ya jawo Uchechi tsakiyar layi, ya nuna ta da yatsa ya ce ita ta goge. Daga ranar ta zama Uche Mai Gogewa. Ta koma Kwaciri ta kama ɗan shago, shekara bakwai tana canza gilashin waya. Sannu a hankali malaman makaranta na Fagge suka fara kawo mata laftof, amma duk ranar da ta shiga layin sayen kayan gyara sai wani ya ce, "A ɓoye faifai, ga ta nan." Takan wuce kanta a sunkuye. Ta san wanda ya yi dariya ran nan da inda kowa yake tsaye.

Wata Talata sai ga Blessing, autar Oga Chukwuma, rungume da laftof.

"Anti Uche, ki taimake ni. Ranar Juma'a zan miƙa aikina na gama jami'a. Ina cikin rubutu sai ta ƙi adanawa. Komai yana buɗewa in karanta, amma ko waƙafi ba ta karɓa. In na kashe na kunna ta yi minti goma, ta koma."

"Babanki ya daina gyara ne?"

"Sau biyu yana canza faifan, ya sake zuba mata manhaja. Yanzu cewa yake hannuna ne."

Uchechi ta ɗago ta dube ta. "Hannunki, ko?"

Ta fara kwafe wa yarinyar aikinta a filashi, don ba da yarinyar take faɗa ba. Ta gwada lafiyar faifan, ƙalau. Ta ce Blessing ta zauna ta yi rubutu, ita kuma ta tsaya tana kallo. Yarinyar na jingina tafin hannunta a kusurwar hagu, faifan ya kulle.

Uchechi ta shimfiɗa takarda ta kwance. Sukuru tara gajeru, na goma dogo. Tsininsa ya lotsa siririyar wayar da ta haɗa faifan da uwar injin. Da an danna kusurwar sai haɗin ya yanke, injin kuma ya hana rubutu don kada abin da ke ciki ya lalace. Ta daɗe tana juya sukurun a tafin hannunta, tana tuna wanda ya ɗaure laftof ɗin Malam Waliu. Sai ta mayar da shi inda ta same shi, ta ɗaure tam.

"Zan gyara," ta ce. "Amma ba a nan ba."

Washegari da azahar, lokacin da layin ya fi cika, ta ajiye laftof ɗin a kan bencin Oga. Malam Waliu na tsaye a gefe. Ita ta je har gida ta gayyato shi.

"A'a, Mai Gogewa ce da kanta?" in ji Oga. "Me za a goge mana yau?"

"Sannu da aiki, Oga. Rubuta sunanka a nan ka adana."

Ya rubuta, ya adanu. Ta ɗora yatsa ɗaya a kusurwar ta danna. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Sau uku tana kunnawa tana maimaitawa, har masu shaguna suka bar aikinsu suka kewaye su.

"Kwance da hannunka, Oga. Yau dai a kan takarda."

Sukurun na goma ya kwanta cikin 'yan'uwansa, ya fi su tsawo da rabi. Wani ya yi tsaki, wani ya ƙyalƙyale.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ni ne. To, sai me?"

"Ta Malam Waliu fa, wa ya ɗaure?"

Uchechi ta fito da sabuwar waya daga jaka, ta riƙe ta a sama. "Na zaga kasuwa jiya, ita kaɗai ta rage irinta. Juma'a jibi ce."

Blessing na kallon mahaifinta.

"Ni na ɗaure," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Mai shagon ƙarshe bai ji ba. Ran nan kuwa ya ji ka sarai."

Ya faɗa da ƙarfi, ya ƙara da cewa ba ita ta goge ba. Malam Waliu ya cire hularsa ya mayar, ya rasa inda zai sa idonsa.

Minti goma ta sa wayar, ta ɗaure da gajeren sukuru, ta sa Blessing ta danna kusurwar da duk ƙarfinta. Ta adana lafiya. Uchechi ta ɗauki dogon sukurun ta jefa a jaka.

Yanzu yana rataye da zare a ƙofar shagonta a Kwaciri, kuma duk wanda ya tambaya tana ba shi labarin, ita da ba ta son magana. A layin masu gyara kuwa, Oga Dogon Sukuru ake ce masa. Bayan shekara guda ya aiko Blessing ta roƙe ta ta sa baki a daina. Uchechi ta ba yarinyar lemo mai sanyi, ta tambaye ta sakamakon jami'a, ta ce a gaya masa ya ƙara haƙuri, saura shekara shida.